Amsa: Na'urar DVD ta waje ba ta fitowa idan an kunna kwamfuta

Ɗan'uwa, ka ce wata rana kana kunna kwamfuta za ta ga na'urar DVD ɗinka ta USB, wata rana kuma sai ka zare ka sake sokawa. Ni dai na fi zargin ƙarancin wuta. Ramin USB 2.0 miliyamfiya (ma'aunin wutar lantarki) 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, ita kuwa na'urar ta fi jan wuta daidai lokacin da za ta fara juya faifai. Ka kasa kunne: in ka ji ta yi ƙas-ƙas, ta fara juyi ta tsaya, to wutar ce ba ta ishe ta ba. Tawa ma haka ta wahalar da ni, sai da na sa mata waya mai kai biyu, kowane kai da raminsa. In kwamfutar ta tebur ce, soka ta baya, ramukan gaba ba abin dogaro ba ne.

In ba wuta ba ce, danna Restart ka gani. Ta fito? To laifin Fast Startup ne, wani saiti da ke hana Windows 10 da 11 mutuwa gaba ɗaya in ka kashe kwamfuta, amma ba ya aiki in Restart ka danna. Shiga Control Panel, Power Options, ka cire masa alama.