Gidan abinci ko girkin oda: wa zai ci, kuma da wane lokaci?

Wata baiwar Allah daga Rijiyar Zaki a Kano ta rubuto cewa ta tara naira miliyan 2 daga adashi, kuma duk wanda ya ɗanɗana girkinta sai ya yaba. Tana tambaya ko ta kama shago a bakin titi ta buɗe gidan abinci, ko kuwa ta riƙa girki a gida ana yin oda ta waya.

Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan jari. Iya girki shi ne abin da na fi ƙarancin damuwa da shi a batunki, domin masu hannu a girki suna da yawa a Kano, kuma da dama sun rufe shago tun kuɗin hayar shekarar farko bai ƙare ba. Abin da ya kamata ki fara sani shi ne waɗanne mutane ne suke cin abincin saye a wannan gari, kuma me ya sa.

Magidanci mai mata da 'ya'ya takwas ba zai kwaso iyalinsa zuwa gidan abinci ba sai da sallah, saboda kuɗin kwano goma ya isa cefanen kwanaki. Ban da haka, akwai kunya: mutum mai iyali da aka saba gani yana cin tuwon dare a waje, ba a daɗewa ake fara tambayar ko lafiya a gidansa. Amma wannan magidancin da kansa, idan ya buɗe rumfa a Kantin Kwari ko Singa da hantsi, ba zai koma gida ba sai dab da magariba, kuma ba zai bar rumfa ya tafi neman shinkafa da wake mai ciniki na tsaye ba. Yaron shago yake aika da kula. Haka ma'aikatan Sakatariyar Audu Bako, da na bankuna, da masu jinya a Asibitin Malam Aminu Kano. Kasuwarki ta gaske tana tsakanin azahar da la'asar, wurin mutanen da nisa da aiki suka raba da tukunyar gida.

Dare kuwa na gwauraye ne da samari, su kuma mai shayi da indomi da mai gurasa da tsire sun riga sun kama su da farashin da ba za ki iya karyawa ba. Ɗaliban Jami'ar Bayero da ke kusa da ke suna da yawa, sun kuma saba da oda ta WhatsApp da tura kuɗi, sai dai aljihunsu ba nauyi, kuma suna watsewa lokaci guda da zarar an rufe makaranta. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata 8.

Akwai wani rukuni da masu shago ba sa gani, wato matan aure. Da yawansu ba za su zauna a gidan abinci cikin maza ba, amma ranar da baƙi suka faɗo, ko ranar suna, ko ma'aikaciya ta dawo a gajiye, suna neman wadda suka yarda da tsaftarta ta aiko da masa da miyar taushe ko farfesu. Wannan ciniki ta bakin ƙawa da maƙwabciya yake yaɗuwa, kuma kasancewarki mace mai girki a cikin gida fifiko ne a nan.

Don haka ra'ayina shi ne ki jinkirta batun shago. Sai dai kada a ruɗe ki cewa kai abinci abu ne mai araha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗan aike ya tashi, kuma a ƙarshen shekarar kamfanonin kai abinci na Jumia Food da Bolt Food duk suka daina wannan harka a Najeriya, alhali sun fi ki jari nesa ba kusa ba. A lungunanmu ma da kwatance ake kai saƙo, “bayan masallaci, gida mai jar ƙofa”, kafin a gane gidan miya ta huce. Kwano ɗaya zuwa Hotoro asara ce. Kwano 30 zuwa layi ɗaya a kasuwa, a Adaidaita Sahu guda, shi ne riba.

Ki nemi ofis ɗaya ko layin 'yan kasuwa ɗaya, ki yi yarjejeniya da su ta mako, a biya ranar Litinin kafin a ɗora tukunya, da abinci kala biyu kacal. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, saboda haka ki buɗe asusun sana'a daban da na cefanen gida. Ki ware aƙalla rabin jarin kada ki taɓa, domin da azumi cinikin rana yakan mutu gaba ɗaya na wata guda, sai ki juya zuwa kunu da ƙosai da kayan buɗa-baki, waɗanda masu ciyarwa a masallatai suke yin odarsu da yawa tun kafin a ga wata.