Shekara 16 ta yi latti a fara ƙwallon kwando?

Malam, ka ce ɗanka a Gombe yana da shekara 16, dogo ne sosai, yana son ya mai da ƙwallon kwando sana'a, kana tsoron ko ya makara. Bai makara ba.

Dubi Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963. Golan ƙwallon ƙafa ne tun yana yaro, sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara taɓa ƙwallon kwando. Jami'ar Houston ta Amurka ta ɗauke shi, a 1984 kuma shi aka fara zaɓa cikin sabbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci wa ƙungiyar Houston Rockets kofin NBA a 1994 da 1995, har da azumi a bakinsa yake buga wasa a Ramadan. Saurin ƙafarsa kuwa, tsaron gida ne ya koya masa.

Sai dai gaskiya, tsawo kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Ka kai yaron wurin koci na ƙwarai, ya riƙa leƙa atisayen Gombe Bulls, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Gombe, ya ga yadda manya ke zufa. Ka saya masa takalmi mai riƙe idon sawu, domin filayenmu na siminti suna cin gwiwa.

Kada ya saki boko. Su Olajuwon ta jami'a suka bi, kuma jami'o'in Amurka sai sun duba sakamakon jarrabawa kafin su ba ɗan wasa gurbi. A kula da masu karɓar kuɗi da sunan za su fitar da yaro waje.