Tambayi Likita: Me ya sa ake ɗibar jinin sojoji da tsakar dare?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana soja ne. Bayan sun dawo daga wani sansani da ke bakin tafki, abokan aikinsa biyu suka fara zazzaɓi da kaluluwa da kumburin maraina. Yanzu an ce za a ɗebi jinin kowa a rundunar, amma sai cikin dare. Shin tundurmi ne, kuma zai iya shafa mana ni da yara?
Wata uwargida, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida. Alamun da kika ambata suna iya zama na cutar da ke kawo tundurmi da gwaiwa, amma wasu cututtukan ma suna zuwa da irinsu, don haka gwaji ne zai raba gardama.

Wata siririyar tsutsa ce ke haddasa cutar, Wuchereria bancrofti, kuma sauro ne ke kwaso ta daga jinin mai ɗauke da ita. Manyan tsutsotsin suna zama a hanyoyin ruwan jiki masu haɗe da kaluluwa har shekara 6 zuwa 8, amma 'ya'yansu ba sa yawaita cikin jini sai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2, daidai lokacin da sauro ke cizo. Jinin da aka ɗiba da hantsi yana iya fitowa fes alhali mutum na ɗauke da cutar. Akwai kuma gwajin gaggawa na ɗigon jinin yatsa da ake yi kowane lokaci.

Ana gwada kowa ne domin yawancin masu ɗauke da tsutsar ba su da wata alama. Binciken kirki, a ganina, sai ya bi diddigin inda kowane soja ya kwana, da wanda ya yi gadin dare ba sange, sannan ya haɗa da mutanen ƙauyen da ke kusa da sansanin, tunda a wurinsu sauron ya fi samun ta.

Ki kwantar da hankalinki. A yaƙin duniya na biyu dubban sojojin Amurka sun kamu da ita a tsibiran tekun Fasifik, kuma ƙalilan ne suka kai ga tundurmi, domin ya fi samun wanda ya shekara da shekaru sauro na zuba masa tsutsar. Ba a ɗaukarta ta shimfiɗar aure ko cin abinci a kwano ɗaya. Kariyarku ita ce sange mai magani kowane dare, musamman da damina, da karɓar magungunan ivermectin da albendazole idan an zo rabonsu, ban da mai juna biyu da ƙananan yara. Gwaiwa kuwa aikin tiyata ne ke gyara ta, kada kunya ta hana mai ita zuwa asibiti.