Zuwa ga ƙanena na Tawa mai son karatun zanen gini a Faransa

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ci bak, jarrabawar gama sakandare, ranka yana kan karatun zanen gini, kuma hotunan manyan kantunan Paris ne suka ƙara maka ƙaimi, shi ya sa kake tambaya ko ka fara neman biza. Bari in fara da unguwar da nake sauka daga metro kowace safiya.

A Barbès akwai wani gidan silima mai suna Louxor, an buɗe shi a 1921, gabansa duk ado ne irin na Masar ta zamanin Fir'auna. A 1983 aka daina nuna fim a ciki, ya koma gidan rawa, daga baya ya zauna kango shekara da shekaru. Mutanen unguwa ne suka yi ta damun hukuma har ma'aikatar magajin gari ta saye shi a 2003, aka gyara, aka sake buɗe shi a 2013. Tsallaken titi kuma a da akwai Tati, kantin masu ƙaramin ƙarfi tun 1948, inda iyayenmu ƴan kasuwa suke cika jakunkuna da tsaraba. An rufe shi a 2021. Shi kuwa babban kantin Les Halles da ka gani a hoto, asalinsa kasuwar abinci ce. An kwashe ta zuwa Rungis, a bayan garin Paris, a 1969, aka rushe rumfunan ƙarfenta, kuma har yau akwai masu cizon yatsa kan wannan rushewar.

Na kawo maka wannan ne don ka gane abin da malaman nan suke so. Shekarata ta farko a makarantar zanen gini a nan, wani malami ya ce in zana masa wani gini na garinmu. Na yi shekara shida a Yamai, amma wallahi na kasa fitar da tsarin Habou Béné a takarda, kasuwar da ta ƙone a 1982 aka sake gina ta a 1987, wadda na ratsa sau ba adadi. Silima Vox da yayyenmu suke ba mu labarinsa, ko hotonsa ba ni da shi. Petit Marché, ƙaramar kasuwar Yamai, ta ƙone a 2012, ban taɓa auna ko rumfa ɗaya a cikinta ba. Kunya ta kama ni ranar.

Kai kuwa a bakin rijiya kake zaune. Masallacin Yama yana nan cikin jiharku, ginin laka da magini Falke Barmu ya fara a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. A nan sai a littafi ake ganinsa. A Dandaji ma, Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar mai zanen gini, da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa matsatsse, aka gama a 2018. Kuɗin mota kawai zai kai ka.

Maganar biza, ka san tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai hanya ta yi tsawo, ga tsadar ɗaki a Paris da ke cinye guzurin ɗalibi tun wata bai raba ba. Karatun kansa a Faransa shekara 3 ne na lisans, 2 na masta. Ka bincika EAMAU ta Lome, makarantar zanen gini da tsara birane da Nijar take cikin ƙasashen da suka haɗu a kanta, ana shiga ta hanyar jarrabawa. In ka gama can, zuwa nan don ƙari ya fi sauƙi, kuma ka zo da abin nunawa a hannu.

Kafin nan ka sayi littafin zane da igiyar awo, ka je Yama, ka nemi izinin liman, ka auna kaurin bango da tsayin ginshiƙai, ka zauna da maginan da suke yaɓe bayan damina. Ka turo mini hotunan shafukan ta WhatsApp in duba maka. Ka gaida Inna da su Baba.