Mai gida ya ƙara kuɗin haya, ya ba ni mako biyu in tashi: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina haya a Mabera, cikin garin Sakkwato, ciki da falo, ni da maiɗakina da 'ya'ya huɗu. Shekara-shekara nake biyan naira 150,000, kuma ba mu taɓa rubuta yarjejeniya ba, sai rasit. Saura wata biyu kuɗina su ƙare, mai gida ya aiko cewa haya ta koma 280,000, in ba zan iya ba in kwashe kayana cikin mako biyu, ko ya turo 'yan sanda. Aikin gadi nake, albashina bai kai dubu 50 ba. Me doka ta ce, kuma akwai inda ake taimakon irinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi. Doka ba za ta tilasta wa mai gida ya bar maka gidansa a tsohon farashi har abada ba. Abin da za ta ba ka shi ne lokaci, kuma lokacin ya fi mako biyu nesa ba kusa ba.

Wata biyun da suka rage naka ne, ka riga ka biya. Ba a ƙara kuɗi a tsakiyar wa'adi, ba a kuma fitar da kai a cikinsa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a na Sakkwato ke aiki da shi ma haka ne: hayar da aka yanke wa lokaci ta ɗaure ɓangarorin biyu, ko da an sayar da gidan ko mai shi ya rasu. Sabon farashin kuwa tayi ne kawai, bai hau kanka ba sai ka amince.

In kuka kasa daidaitawa, dokar karɓar gida daga ɗan haya ta shimfiɗa hanya. Matuƙar babu yarjejeniyar da ta ce wani abu daban, mai biyan mako-mako yana da notis na kwana 7, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara irinka na wata shida, a rubuce. Bayan ya cika sai notis na biyu na kwana 7, na cewa za a je kotu. Alƙali ne kaɗai ke ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu su zartar. Cire ƙofa, kware kwanon rufi, yanke wuta ko watsar da kaya waje duk ɗaukar doka ne a hannu, kuma kana iya neman diyya a kai. 'Yan sanda ba su da hurumi a nan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai.

Sai dai kada ka miƙe ƙafa. Duk ranar da ka ƙara a gidan bayan kuɗinka sun ƙare, kotu za ta sa ka biya. A 2021 Kotun Ƙoli ta nuna cewa shigar da ƙara na iya gyara kuskuren da aka yi a notis, don haka dabarar jan shari'a da kama kuskuren takarda ta rage ƙarfi. In kuma mai gidan ya kai ƙara kotun Shari'a, alƙali zai duba abin da kuka ƙulla da al'adar gari ya yanke wa'adi, wanda ba lallai ya kai wata shida ba. Ka adana rasit ɗinka duka, su ne shaidarka cewa shekara kake biya.

Mu a ganinmu, sulhu ya fi maka riba. Ka ɗauki limamin unguwa ko mai unguwa ku je, ka nemi ɗaya daga biyu: ƙarin da za ka iya ɗauka, a raba biyan kashi biyu ko huɗu, ko wa'adin wata uku zuwa huɗu a tsohon farashi har ka samu wani wurin. Masu gida da yawa sun fi son haka da zaryar kotu. Duk abin da aka cimma a rubuta, shaidu biyu su sa hannu.

Wajen neman sabon gida, haya takan yi sauƙi in aka matsa gefen gari, kamar wajen Kwannawa, Gagi ko More, amma ka lissafa kuɗin kabu-kabu na wata da na 'yan ga-ruwa kafin ka ce ka samu araha. Ka tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina. Fara cigiya ta masallaci da wurin aiki ya fi fara ta dillali, don la'adar kashi 10 cikin 100 da aka saba al'ada ce, ba doka ba, kuma ana ciniki a kanta. Kada ka ba dillali kuɗin haya kafin ka ga mai gidan ido da ido. Gidan gado ya fi ko'ina haɗari: magaji ɗaya ya karɓi kuɗi, sauran su zo su ce ba da yawunsu ba. Ka nemi sanin wanda aka wakilta, sunansa ya fito a rasit. Ka duba takardar wuta ta Kaduna Electric ko akwai tsohon bashi, a rubuta cewa ba naka ba ne. A takardar haya kuma a faɗi kuɗi, ranar farawa, tsawon notis, da wanda zai yi gyaran rufi da yashe masai. Ka lura: in takarda ta ce haya ta shekara ɗaya ce tak, to da ta cika notis na kwana 7 ya wadatar, babu zancen wata shida.

Batun taimako, ƙofar farko ita ce Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato. Talaka, miskini da wanda bashi ya yi wa katutu duk suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Ka rubuta takardar koke, ka haɗa da rasit da shaidar mai unguwa ko hakimi. Masu nema suna da yawa kuma ana bincike, shi ya sa a kai koke yanzu, ba sai kaya sun fito titi ba. Don shawarar lauya kyauta akwai ofishin Legal Aid Council, wanda aka kafa domin marasa ƙarfi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kai kuwa kana ƙasa da haka, don haka kana cikin marasa ƙarfin da ake nufi.

Za ka ji ana maganar Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, da aka kafa a 1992, inda ake zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashi, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, FMBN, ya ba da rancen gida ko tsarin haya har a mallaka. Wannan ba ya biyan hayar bana, kuma rancen yana da kuɗin ruwa, sai ka tambayi malamai kafin ka shiga. Abin da zai fi yi maka aiki shi ne adashi da aka tsara kwasarka ta faɗo wata guda kafin ranar biyan haya.