Waswasi ne ko taɓin hankali?

Tambaya: Malam, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake. Ƙanena yakan maimaita alwala har sau 10, yana kuka yana cewa munanan tunani game da Allah na faɗo masa. Kawunmu kuma ya daina cin tuwon gida, ya dage cewa matarsa na zuba masa guba. Cutarsu ɗaya ce? Mene ne hukuncin sallarsu?

Amsa: Bismillah. Allah Ya ba su lafiya. 'Yar'uwa, ba cuta ɗaya ba ce, kuma likitocin ƙwaƙwalwa da tambaya guda suke fara rarrabewa: shi mai abin yaya yake kallon tunanin nasa?

Mai waswasi ya san tunanin daga zuciyarsa yake, yana ƙinsa, yana kokawar korarsa. Kukan ƙaninki shi ne shaida. Sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) irin wannan ƙara, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Don haka bai yi ridda ba, kuma sallah tana kansa. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda shakka ta aure shi, tana zuwa masa kullum, watsi zai yi da ita. Alwala ɗaya ta wadatar. Idan kokwanton ya zo cikin sallah, ya cika ta, ya yi ba'adi. Ku daina amsa masa in ya ce "na wanke kuwa?", domin kowace maimaitawa sauƙi take ba shi na ɗan lokaci, sannan ta ƙara wa cutar ƙarfi. In abin yana cin masa fiye da awa 1 a rana, ya ga likita. Maganinsa yakan kai mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa sosai, kada a yanke shi da wuri.

Kawunku ba shakka yake ba, ya sakankance ne. Ko matar ta ci daga kwanonsa a gabansa ba zai sauka ba. A lura ko yana jin muryoyi, ko ya daina barci, ko yana shan wiwi, ko zazzaɓi ya fara da shi. Kada a yi masa gardama, kada a ɗaure shi ko a doke shi da sunan ruƙiyya, haramun ne. Addu'a ba ta hana magani. A nisanta matar da shi tukuna, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau. Idan aka tabbatar hankalinsa ya gushe, an ɗauke masa alƙalami har ya warke, kuma sakin da ya furta a wannan hali bai auku ba.

Wallahu a'alam.