Mace mai faɗin ra'ayinta ta zubar da kunya ne?

'Yar uwa, kin ce tunda kika fara aiki kina faɗin ra'ayinki ake ce miki 'yar feminis, wai kin zubar da kunya. Wallahi abin nan yana min ciwo. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ita ta naɗa mata jaji ta ɗora musu malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, Gambo Sawaba kuwa gidan yari ta sha kan mata su samu ƙuri'a. Kakata da lallenta da kwallinta take ƙirga kuɗin ƙuli-ƙulinta, ba mai taɓa mata ko kwabo.

Kawai kar ki mayar da kowace magana faɗa, kar kuma ki kira duka ko danne haƙƙi haƙuri. In ta kai can, ki nemi malamin fiƙihu ko lauya.